Ki Gaya Mata Na Zo

Shekara ashirin da wani abu na yi a teburin sakatariya a wata ma'aikatar gwamnati, kuma in aka tambaye ni abin da na fi ƙwarewa a kai, ba buga takarda ba ne, sallamar mutane ne. Na iya cewa “Oga yana mitin” alhali ina jiyo shi a ciki yana tauna gyaɗa. Na iya ce wa mutum “to” ya tafi yana murna, bai san wannan “to” ɗin ba za ta wuce bakin teburina ba. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai ko minista ne ya zo sai na ba shi fom ya cike. A lokacin daɗin wannan kirarin nake ji, don ni dai Allah bai yi ni da jin nauyin mutane ba, kuma bakina ba ya ajiye magana.

A Gwarinpa nake zaune, katanga ɗaya ta raba ni da wata mata da duk layin ke kira Maman 'yan biyu. 'Yar Gbagyi ce daga wani ƙauye a bayan Kwali, Kirista, tana da rumfar doya da dawa a kasuwar Wuse. Mijinta direba ne a wani ofis, 'yan biyun kuma mata ne, suna sakandare. Da faɗa muka san juna. Ruwan wankinta ne ya riƙa biyowa ta ƙarƙashin get ɗina, na fita na zazzaga mata masifa son raina. Ta tsaya tana kallona har na gaji, sannan ta shiga gida ta fito da doya biyu manya ta miƙo mini.

“Hajiya, ki ci ki huce. Gobe zan gyara kwatar.”

Ba ta gyara ba sai bayan wata guda, amma doyar ta yi daɗi. Tun daga nan muka ƙulla. Gidanta kamar tasha yake, ƙofa a buɗe, kullum da baƙo: 'yan cocinsu, 'yan kasuwa, dangi daga ƙauye da suka zo neman aiki ko ganin likita. Na sha ce mata wannan ba gida ba ne, masauki ne. Ita kuma takan ce nawa gidan kamar banki ranar Lahadi.

Wata ranar Asabar ina shanya ta leƙo ta saman katanga ta ce mini an gano tana da ciwon daji a mama. Haka ta faɗa, kamar mai ba da labarin tsadar tumatir. Sai na hau ta da faɗa don me ta yi wata da watanni tana jin ƙullutu ba ta je asibiti ba. Ta ce, “Na san za ki yi faɗa, shi ya sa na gaya maki kafin kowa, in samu in huta.”

Aka yi mata aiki, aka fara ba ta maganin nan da ake sawa ta jijiya, wanda kowa ke kira kemo. Labari ya bazu, jama'a kuwa suka yi halinsu na kirki. Dubiya ba ta yankewa. In ka zo ƙofar falonta, takalma ne birjik har kan baranda. Matan coci su zo su yi waƙa da addu'a, matan layinmu Musulmi su zo su yi tasu, 'yan kasuwa su rufe rumfa su shigo tasi su zo da ayaba da lemo. Kowa sai ya riƙe hannunta, wani da mura, wani da goyon da ke tari. Ita kuma tana tsakiya a kan kujera, ta rame, ɗankwali har goshi, amma fuskarta tana haske, tana tambayar kowa gida da yara.

Bayan kemo na biyu zazzaɓi ya kwantar da ita, sai da ta yi kwanaki a gadon asibiti. Likita ya ce garkuwar jikinta ta yi ƙasa ƙwarai, ƙaramar mura ma tana iya tafiya da ita, kuma in ta sake kamuwa dole a ɗage magani, ciwon kuwa ba jira yake yi ba. Ya yi wa mijin kashedi mai zafi a kan baƙi. Ranar da aka sallamo su, mijin ya same ni a gida, ya ƙi zama, yana ta murza makullin mota a hannu.

“Hajiya, plis ki taimake ni. Mutum ya bar aikinsa, ya biya mota ya zo gaishe ka, da wane baki zan ce ya koma? Ni ba zan iya ba. Amma ke za ki iya.”

Ban ji haushi ba, daɗi ma na ji. Ga aikin da na iya, ga kuma lada. Na ɗauki hutun shekara da na daɗe ina tarawa, na fito da farar kujerar roba na kafa a bakin get ɗinsu, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na sa takunkumi, na zauna.

Gaskiya na yi aiki, ba zan ƙi faɗa ba. Duk wanda ya zo sai in ce tana hutawa, likita ya hana, sannan in ba shi abin yi don kada ya tafi hannu rabbana. Matan layi na raba musu ranakun girki, kowa da ranarta, a kawo kula a miƙo mini. Matan coci suka ɗauki wanki da cefane. Wani maƙwabcinmu mai tasi ya ɗauki kai 'yan biyu makaranta. Da aka nemi jini, na sa magana a guruf ɗin waya na matan unguwa, washegari sai ga mazajensu da ƙannensu da masu dakon kasuwar Wuse sun cika benci a asibiti, Musulmi da Kirista, har ma'aikaciyar ɗakin jinin ta tambaye ni ko matar wani babba ce. Wayarta ma na ba da shawara a kashe a ba mijin ya riƙe, don kira ba ya barin ta barci. Wanda ya yi gardama a bakin get kuwa ya ji ba daɗi. Akwai wata shugabar matan kasuwa da ta ce mini ita ba a taɓa tare ta a ƙofa ba, na ce to yau an fara.

Maman 'yan biyu ta san da kujerar, ta kuma yarda, tunda likita ne ya ce. Amma kullum da la'asar, in na wanke hannu na shiga duba ta, tambayarta ɗaya ce.

“Hajiya, wa ya zo yau?”

Kwanakin farko nakan lissafa mata. Sai ta kama kuka, ta ce a kira wance a ba ta haƙuri, ta ce wane daga Kubwa ya taso, ai da an bar shi ko ta taga ne. Wata rana har ta yunƙura za ta fita tsakar gida ta leƙa, jiri ya ɗebe ta. Sai na yanke hukunci ni kaɗai, irin wanda nake yankewa a ofis: abin da zai dami oga ba ya shiga wurin oga. In ta tambaya sai in ce, “Ba kowa sosai, kin san Abuja, kowa na ta kansa.” Sai ta gyaɗa kai. Na ɗauka na sama mata sauƙi.

Wata Asabar da hantsi, ina zaune a kujerata, na hango wata tsohuwa tafe daga bakin titi. Tun daga nesa na gane daga ƙauye take, don a kafaɗa ta ɗauko kayanta yadda matan Gbagyi ke yi, ba a ka ba. Tulu ne babba, baƙi, an nannaɗe shi da tsohon zani. Ta iso tana haki, ta sauke shi a hankali kamar mai sauke jariri, ta gaishe ni, ta tambaya ko nan ne gidan. Sai na gane ta. Gwaggon Maman 'yan biyu ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta goye ta tun uwarta ta rasu tana jaririya. Na sha jin labarinta: maginiyar tukwane ce, ba ta da waya, ba ta son birni, sau ɗaya ta taɓa zuwa, lokacin haihuwar 'yan biyu.

Ta ce kwanakin baya 'yarta ta aika mata saƙo ta bakin wani ɗan ƙauyensu, wai ruwa ba ya shiga mata, na firji da na leda duk ɗanɗanon ƙarfe suke mata, tana marmarin ruwan tulu irin na gida. Shi ne ta je ta haƙo yumɓu ta gina wannan, ta jira ya bushe duk da damina, ta gasa shi, yau ta shigo mota tun asuba. Sau uku ta canja mota, kuma a cinya ta riƙe shi duk hanya don kada yaran mota su fasa.

Tana cikin magana sai ta yi tari. Tari ne na tsufa da hayaƙin gashin tukwane, yanzu na san haka. A lokacin kuwa ji na yi kamar an buga mini ƙararrawa. Na ja kujera baya na ce mata tana hutawa, likita ya hana kowa shiga.

“Ni ba kowa ba ne,” in ji ta da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. “Ni ne na goya shi.”

“Na sani, Mama. Amma doka ce, ko ke ko wani.”

“To bari in tsaya a taga. Ba zan taɓa shi ba, in gani kawai.”

Tagar ɗakin ba ta fi taku goma daga inda muke ba. Na duba tagar, na duba tsohuwar, na tuna ranar da jiri ya ɗebe maƙwabciyata, na ce in ta ga wannan fuskar ai ba mai iya riƙe ta. Mijin ba ya nan, ya tafi neman wani magani a Wuse, ba wanda zan tambaya, kuma ko yana nan ban jin da zan tambaya. Na ce a'a. Na kawo mata ruwa da abinci, ta sha ruwan ta bar abincin. Ta daɗe tsaye tana kallon gidan, sannan ta tura tulun gabana da hannu biyu.

“Ki wanke da ruwan zafi, ki zuba masa. Ki gaya mata na zo.”

Na ce, “To.”

Na tare mata tasi zuwa tasha, ta tafi. Tulun kuwa na shiga da shi gidana na ajiye a bayan kicin. Na ce ƙasa ce, wa ya san abin da ke cikinta, sai na tambayi likita. Ranar ganin likita ta zo, maganar jini da allura ta ɗauke hankali, na manta. Da na tuna kuma sai na ga in na kai tulun dole in faɗi wanda ya kawo shi, in na faɗa dole a tambaye ni don me aka bar ta ta koma. Sai na bar shi a nan. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da aka yi mana kwana huɗu ba wuta, firji ya zama akwati, na wanke tulun na zuba ruwa na sha. Ban taɓa shan ruwa mai sanyi da ƙanshin ƙasa irin wannan ba. Na ci gaba da sha, alhali a bayan katanga mai tulun tana kurɓar ruwan leda tana yamutsa fuska.

Ba ta sake yin zazzaɓi ba, ta gama kemonta ba a ɗage ko sau ɗaya ba, har likita ya yaba. Na riƙa yawo da wannan yabon kamar sabon gyale. Amma bayan 'yan watanni aka sake hoto, aka ce ciwon ya bazu zuwa hanta da ƙashi. Likitan nan da ya hana baƙi shi ne ya ce wa mijin a mayar da ita gida, a ba ta duk abin da ranta ke so, duk wanda take son gani ya zo.

Na ɗauke kujerar da kaina, na buɗe get ɗin gaba ɗaya. Sai ga shi ba kowa. Kuloli na zuwa kan lokaci, wanki ba ya kwana, amma kowa a ƙofata yake ajiyewa ya juya. Na koya musu darasi sun kuma haddace. Wanda aka kora sau biyu daga dubiya ba ya sake wanke ƙafa ya zo a karo na uku. Sai da na bi su gida gida, ni da ban iya lallashi ba, na je har kasuwar Wuse na tsaya gaban shugabar matan nan ina ba ta haƙuri tana auna wa wata gero ba ta ko ɗago ba. Daga baya dai suka fara zuwa, ɗaya ɗaya, a ɗarare. Kowa ya zauna sai ya ce, “Ai mun zo sau nawa, aka ce kina hutawa.”

Nan maƙwabciyata ta gane. Bayan sun tafi ta dube ni, ga muryar ta dushe, amma sai da ta yi dariya.

“Hajiya sakatariya! Ashe ni ma kin mai da ni oga. Ni kuwa ina nan ina ta tunanin me na yi wa mutane.”

Na ce don lafiyarta na yi. Ta ce ta sani, ba ta riƙe ni ba. Tana wasa da bakin bargo ta tambaya, ba ta dube ni ba.

“Gwaggona fa? Ita ma ta zo?”

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, har an riga an yafe mini rabin laifin. Abin da zan ce bai fi kalma uku ba. Amma sai tulun ya faɗo mini a rai, yana can bayan kicin ɗina cike da ruwan da na zuba da safe. Korar 'yan kasuwa na iya kare kaina a kai. Wannan kuwa ban san da wane ido zan dube ta ba. Ni da ake cewa ba na jin nauyin kowa, ranar kunya ta kama ni a inda bai kamata ba.

“Ban gan ta ba,” na ce. “Kin san jikin tsufa, ga nisa.”

“Haka ne,” in ji ta. “Na aika mata saƙo tun tuni. Ko fushi take, na daɗe ban je gida ba.”

Ta juya fuska wajen bango. Na fito ina gaya wa kaina cewa ranar Asabar zan shiga mota in je Kwali in ɗauko tsohuwar da kaina, in haɗa su, ƙaryar ta gyara kanta ba sai na buɗe baki ba. Ranar Talata ce muka yi wannan maganar. Hutuna ya ƙare tuni, na koma ofis, na ga ba zan nemi izini a tsakiyar mako ba tunda Asabar na tafe. Ranar Alhamis da safe ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki na ji kukan 'yan biyu ta saman katanga.

A ƙauyensu aka binne ta. Bas biyu muka cika daga Gwarinpa da Wuse, duk mutanen da na kora a bakin get suna ciki. Bayan an gama, ana zaune ƙarƙashin rumfa, mutane suna ta zuwa suna yi mini godiya, wai na yi abin da ko 'yar'uwa ba za ta yi ba. Kowace godiya kamar a watsa mini ruwan zafi. Ina neman hanyar sulalewa sai ga tsohuwar ta nufo ni. Ta ƙara tsufa a 'yan watannin nan. Ta zauna kusa da ni a kan benci, ta kama hannuna da nata mai kaushi, ta ce an gaya mata duk wahalar da na sha, Allah ya biya ni. Sannan ta rage murya.

“Ya sha ruwan tulun? Ya yi masa sanyi?”

Na buɗe baki zan ce e. Wallahi har kalmar ta zo kan harshena, don ita ce mai sauƙi, kuma ba mai ƙaryata ni a duniya. Ban san abin da ya hana ni ba. Na ji kaina ina cewa, “Mama, ban ba ta ba. Tulun yana gidana. Ban ma gaya mata kin zo ba. Ta tambaye ni, na ce ban gan ki ba.”

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya, zagi ko tsinuwa, duk na cancanta. Hannuna dai yana cikin nata, ba ta sake shi ba. Da na ɗago sai na ga hawaye na bin tamojin fuskarta, amma fuskar ta saki, kamar wadda aka sauke wa kaya daga kafaɗa.

“Ashe bai sani ba,” in ji ta. “Ashe ba shi ya ce a kore ni ba. Ni na ce ya zama ɗan birni, yana ƙyamar tarina. Kullum ina jira ya aiko, bai aiko ba.” Ta share ido da bakin zani. “Har ya tambaye ni? Da bakinsa?”

Na ce da bakinta ta tambaya, kwana biyu kafin ta rasu.

“To na gode,” in ji ta. “Yau zan yi barci.”

Wannan godiyar ta fi duk zagin da na taɓa sha zafi. A nan kan bencin na ga abin da gaskiyar ta yi wa tsohuwar cikin ɗan lokaci kaɗan, na kuma san haka za ta yi wa 'yarta ranar Talatar nan, da ta juya fuska bango tana zaton uwar goyonta fushi take da ita. Ɗaya na samu na gaya mata. Ɗayar ta tafi da abin da na bar ta da shi, kuma ba Asabar ɗin da za ta zo in gyara.

Na ce wa tsohuwar zan dawo mata da tulunta. Ta ce a'a, in ba 'yan biyu, su san ɗanɗanon ruwan da uwarsu ta tashi da shi. Washegari na wanke shi da ruwan zafi yadda ta ce tun farko, na rungume shi na zaga ta get ɗin da na yi wata da watanni ina tsaro, na ajiye musu a falo. Ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni daga ina. Na zaunar da su na ce kakarsu ce ta kawo wa mamansu, tun da damina, ta zo har bakin get ɗin nan.